Kukar Dagumawa: Wa Zai Zana Mana Ƙasarmu?

Mahaifiyarmu ta bar ƙasar Dagumawa tun tana amarya, yau shekara 55 ke nan, amma har gobe idan hira ta yi daɗi can take komawa. Takan ba mu labarin wata kuka da ke gabas da gidan mahaifinta, da kududdufin da ke kusa da ita inda 'yan mata ke wanki, da wata tsamiya mai faɗin inuwa wadda fatake ke ya da zango a gindinta ran jajiberin kasuwar Wudil. Mu da aka haifa a birnin Kano mun haddace waɗannan wurare kamar karatun allo, alhali yawancinmu ba mu taɓa tsayawa a gabansu ba. Bana tsufa ya kama ta sosai. Ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara hazo, kuma duk mun san zaman mota zuwa Wudil ya fi ƙarfinta.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun zane a ɗaya daga cikin kwalejojin Kano, shi ya zo mini da shawara. Malaminsu ya ba su aikin zanen yanayin ƙasa, wato kowane ɗalibi ya je wani wuri ya zauna, ya zana abin da idonsa ya gani na itatuwa da ruwa da tudu da sararin sama. Abokansa duk sun nufi Dala da Goron Dutse. Shi kuwa ya ce da ni, "Kawu, ka raka ni garin su Hajiya in zano mata kukar nan. Tunda ba za ta iya zuwa ba, sai mu kawo mata." Da farko na ɗauki zancen shiririta ce irin ta samari, har na ce masa ai wayarsa ta isa, ya je ya ɗauko hoto ya dawo. Daga baya kunya ta kama ni, ganin jika ya yi tunanin da ɗa bai yi ba. Muka sa rana.

Wata Asabar ce cikin watan Agusta muka kama hanyar Maiduguri da sassafe. Muka wuce kasuwar goro ta Mariri, muka wuce Gano, gero da dawa sun rufe ƙasa hagu da dama, hadari kuma yana ta kai-komo a gabas. Daga Kano zuwa Wudil kilomita 40 ne da 'yan kai. Kasuwar garin ran Juma'a take ci, don haka mun iske ta tana hutawa, sai sawun shanu a laka da ragowar manyan motocin da ba su gama lodi ba. Wanda duk ya san harkar dabbobi a ƙasar nan ya san karar Wudil, inda ake ɗibar shanu zuwa Kudu kowane mako. Garin kuma ya zama garin ɗalibai, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha wadda ta fara aiki a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda.

A bakin gada muka fara tsayawa, domin ba a zuwa Wudil a ƙi gaida kogi. Ruwan ya cika ya yi ja, yana tafe da nauyi, masunta na ta fama da kwale-kwale a gefe. Wannan ruwa haɗin gwiwar Kogin Kano da Kogin Challawa ne. Daga nan yake gangarawa Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Yaron ya fito da littafinsa ya fara jan layi da fensir, ni kuwa na tsaya ina tuna yadda mahaifiyarmu ke siffanta kogin nan. A bakinta, kogin Wudil mai fuska biyu ne: da damina ya yi toroƙo ya shafe fadama, da rani ya janye ya bar farin yashi, har a tona da hannu a sami ruwan sha. Wancan kogin ya tafi tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma ƙara da ta Challawa a Ƙaraye a 1992. Yanzu ruwa na gudana rani da damina gwargwadon yadda aka sako shi. An sami noman rani a Kadawa da Kura, birnin Kano ya sami ruwan famfo, amma ambaliyar da ke kai wa fadamu sabuwar laka kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasan Haɗejiya. Wani lokaci kuma ruwan yakan zo gaba ɗaya, kamar yadda ya yi a 2001 ya ci gidaje da gonaki a wannan yanki. Na tambayi kaina, a cikin dubban mutanen da suka rayu a bakin tsohon kogin, ko akwai mutum ɗaya da ya zana shi? Ni dai ban taɓa cin karo da irin wannan zane ba, ko a gidan tarihi ko a ɗakin wani.

Daga Wudil muka hau babura muka shiga ƙasar Dagumawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar, 'yar'uwar su Utai da Darki da Indabo da Lajawa. Muka fara sauka ƙofar gidan mai unguwa muka yi gaisuwa, na faɗi sunan kakana na wajen uwa. Nan take aka aika a kira wani dattijo da aka ce tare suka yi zamani da 'yan'uwan mahaifiyarmu. Ya iso yana dogara sanda, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ai ba sai an faɗa ba, goshin gidan ne." Aka kawo fura, aka yi ta tambayar mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Da na gaya masa abin da ke tafe da mu, sai ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To, Malam, ku taso in nuna muku abin da ya saura."

Abin da ya saura bai kai rabin abin da muka haddace ba. Kududdufin ya cike. Shara da ƙasar da ruwa ke kwasowa sun binne shi sannu a hankali, yanzu masara ce a wurin, sai wani ɗan kwari da ke nuna inda tsakiyarsa take. Tsamiyar fatake kuwa an sayar da ita ga masu gawayi shekarun baya, ko kututturenta babu. Dattijon ya nuna wurin da sandarsa, ya ce tun da motoci suka karɓe jigilar shanu babu mai kwana a gindinta, itacen da ba shi da baƙo kuwa ba ya daɗewa da mai tsaronsa. Kukar kaɗai muka iske tsaye, ganyenta shar, jikinta duk tabon ɓawon da aka sha ɓarewa don yin igiya. Na ɗora hannuna a kanta, na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Yaron ya kafa allonsa, ya jiƙa fentin ruwa, yara suka yi masa zobe. Can bayan kukar akwai wani dogon ice a tsakiyar gona, tsirara, ba ko ganye ɗaya, alhali komai na kewaye da shi kore ne. Da ya zo kansa sai ya tsoma buroshi ya yi masa ganye. Dattijon, wanda tun ɗazu yake leƙe ta bayan kafaɗarsa, ya tuntsire da dariya.

"Samari, wa ya ba wa wancan riga?"

"Baba, ai na ga kamar ya mutu ne, na ce bari in raya shi."

"Gawo ne fa. Halinsa ke nan. Da damina, sa'ad da kowane ice ke ado, shi tuɓewa yake yi. Sai rani ya yi, kowa ya bushe, sannan ya fitar da ganye. Shi ya sa manomi ba ya sare shi. Ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma su ke riƙe awaki da bazara. Ka kai wa kakarka gawo mai ganye a tsakiyar damina, za ta ce ba garinsu ka je ba."

Yaron ya cire takardar ya sa sabuwa. Ni kuwa a nan na gane kuskurena na farko. Da hoto ya zo ɗauka, da ya danna waya mun juya, ba wanda zai tsaya a bayansa har ya gyara masa. Zaman awa uku da zane ke bukata shi ya buɗe bakin dattijon. Yana zaune bisa saiwar kukar, ya shiga karanta mana ƙasar kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce duk inda ka ga kukoki sun taru a daji, to kufai ne, gari ya taɓa zama a wurin, domin kuka mutum take bi, kuma takan shekara ɗaruruwa bayan masu ita sun watse. Ya nuna layin da tsohon burtali ya bi kafin gonaki su cinye shi, ya ce daga ranar da aka toshe shi ne rigimar manomi da makiyayi ta sami ƙofar shiga. Ya ba mu labarin shekarar fari, lokacin da kukar nan ta ciyar da unguwa har aka rasa ganye a rassanta na ƙasa, na lissafa na gane farin 1973 yake nufi. Ya ambaci shekarar da cuta ta kashe gyaɗa, wato 1975, wadda daga ita dalar gyaɗa ba ta sake tashi a Kano yadda take ba. Ya nuna gefen da aka yi ta binne shanu da ciwon bushiya, annobar 1983. Duk abin da ya faɗa, sai ya rataya shi a jikin wani ice ko wani kwari ko wani tudu.

Mai karatu, wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tarihin sarauta yana da masu kula da shi. Littattafai sun san cewa ƙasar Wudil ta Jobawa ce, sun san Utai, sun san Malam Bakatsine da rawar da ya taka a jihadin Kano, sun san sarautar Makama. Tarihin talaka kuwa, na wanki da kiwo da yunwa da zangon fatake, ba a rubuce yake ba. Yana rataye a jikin ƙasa, mabuɗinsa kuma yana hannun tsofaffi. Ran da aka sare tsamiya, labarinta ya rasa wurin zama. Ran da tsohon ya kwanta dama, ko itacen na nan ya zama ice kawai. Mu yanzu muna asarar duka biyun a lokaci guda, gawayi da bulo suna cin ɗaya, kwana yana cin ɗaya.

Me ya hana mu zana ƙasarmu? Wasu za su ce addini. Wannan magana tana bukatar gyara, domin saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya gargaɗe shi game da surar masu rai, sannan ya nuna masa cewa in dai sai ya yi, to ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Ke nan kogi da kuka da dutse da hadari ƙofarsu a buɗe take. Ba kuma rashin gwaninta ba ne. Hannun da ya yi dagi a fuskar soro, ya yi aska takwas a ƙirjin riga, ya ƙawata ƙwarya da sirdi, ba za a ce bai san layi da launi ba. Har yau masu fentin bayan manyan motoci suna zana giginya da tafki da faɗuwar rana, sai dai wuraren nasu na ƙirƙira ne, ba su da suna, ba wanda zai ce ga garinsu. Fasaharmu ta tafi wajen ado, ba ta juyo ta dubi filin da ke bayan gida ba, wataƙila don muna zaton filin ba inda za shi.

Misalai biyu na kusa sun isa su nuna abin da zane ke riƙewa. Idan ka bi hanyar da ta fita daga Wudil zuwa Birnin Kudu, akwai zanen da mutanen dā suka bari a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A ciki akwai shanu marasa tozo, irin da ba ka gani a garken Fulanin yankin yau. Ba mu san sunan masu zanen ba, amma albarkacinsu mun san irin dabbar da ta yi kiwo a wurin. Na biyu, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya hau Dala ya zana birnin. Zanen ya fito a littafinsa da aka fara bugawa a 1857, kuma har yau duk mai son ganin kamannin Kano ta wancan zamani wurinsa yake komawa. Abin alfahari ne a ce akwai shi, abin takaici ne a ce baƙo mai wucewa ne ya yi mana.

A wasu ƙasashe zane har ceton wuri ya yi. A Ingila, John Constable ya yi ta zana bakin Kogin Stour inda ya tashi, ciki har da shahararren zanensa na 1821 mai amalanke a cikin ruwa. Yau gidan manomin da ke cikin zanen yana nan ana kula da shi, mutane na zuwa daga nesa don su tsaya inda ya tsaya. A Amurka, zanen da Thomas Moran ya yi na Yellowstone a 1871, tare da hotunan da abokin tafiyarsa ya ɗauka, suna cikin abin da ya ja hankalin majalisa ta keɓe wurin a 1872. Ba ina cewa zanen ɗalibi zai kori mai gawayi ba, domin mai gawayi yunwa ce ta aiko shi, mai saye kuma mu ne mutanen birni. Amma itacen da surarsa ke rataye a makarantar firamaren gari, da labarinsa a ƙasa, sayar da shi zai yi wa mai shi nauyi fiye da itacen da ba wanda ya taɓa kallo sau biyu.

Akwai kuma abin da buroshi ke iyawa wanda waya ba ta iyawa. Da yaron ya gama zanen abin da ke gabansa, kuka da gawo tsirara da masara, sai ya sa takarda ta uku ya ce, "Baba, yanzu ka nuna mini yadda wurin yake da." Dattijon ya tashi ya auna bakin kududdufin da taku, ya nuna inda matan ke girke duwatsun wanki, ya tsaya daidai inda ya ce tsamiyar take, ya buɗe hannuwa ya nuna faɗinta. Yaron yana ji yana zanawa, tsohon yana cewa ƙara nan, rage can. Kafin la'asar ruwan da ya ƙafe shekaru da dama ya dawo kan takarda. Na san akwai haɗari a nan, domin ƙwaƙwalwar tsoho tana ƙara wa jiya zaƙi, mai zane kuma yana iya yin ƙarya da launi kamar yadda ya so yi wa gawo. Maganin abin shi ne a ajiye zane biyun tare, na yau da na jiya, a rubuta a bayan kowanne ranar da aka yi shi da bakin wanda aka ji.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Kwalejojinmu da ke koyar da zane a Kano da Zariya suna tura ɗalibai aikin fili kowace shekara. Maimakon a yi ta maimaita Dala da ƙofofin gari, a raba su mazaɓu, kowane ɗalibi a haɗa shi da dattijo ɗaya da wuri ɗaya. Ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin takarda da fenti da kuɗin mota, abin da bai kai kuɗin rumfunan taro guda ba. A bar kwafi a makarantar garin, a kai na asali Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, jami'ar da ke Wudil kuma ta buɗe wa aikin ɗaki. Masu kuɗinmu da ke cika falo da hoton dusar ƙanƙara da duwatsun ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, su gwada sayen zanen fadamar garinsu, ko yaran nan sa sami abin sayen fenti. A kuma hanzarta, domin waɗanda suka san kogin Wudil kafin Tiga da wayonsu duk sun haura shekara 60.

Mun iso gida bayan isha'i. Mahaifiyarmu ta sa aka ƙaro fitila, ta kawo zanen farko dab da fuskarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Gawon gonar Baffa yana nan ashe." Da aka miƙa mata na biyun, mai ruwa, sai ta yi murmushi ta dubi jikan nata.

"Maigidana, ka yi ƙoƙari. Amma tsamiyar nan ba nan take ba. Matsar da ita bakin hanya."

"Hajiya, ai wanda ya nuna mini a garin yake zaune."

"Shi kiwo yake tafiya tun asuba. Ni ce nake share gindinta."

Daga nan ta ɗora yatsa a bakin ruwan ta fara kiran sunayen 'yan matan da suke wanki tare, ɗaya bayan ɗaya, da gidan da kowace ta yi aure, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sunaye 11 ta kira, ban taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba sai daren nan. Na juya takardar na rubuta su duka a baya, na ƙara da cewa an yi saɓani a kan mazaunin tsamiya tsakanin mutum biyu da suka san ta. Yaron ya ce zai koma da rani, lokacin da kuka za ta tuɓe, gawo kuma ya sa rigarsa. Allah Ya kai mu, Ya sa mu iske dattijon da kukar duka a tsaye.